Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano: A Ƙirga Masu Rai Kafin A Yanka Fili



Mai Girma Gwamna, wannan wasiƙa tana ɗauke ne da koken waɗansu mazauna Kano da ba su da ƙungiya, ba su da wakili a majalisa, ba su kuma iya zuwa Gidan Gwamnati su faɗi damuwarsu. Su ne tsuntsaye da kifaye da ƙananan namun daji, da itatuwa da ruwayen da rayuwarsu ta rataya a kai. Roƙon guda ɗaya ne: kafin a sa hannu a kan taswirar kowace sabuwar unguwa, a fara sanin abin da yake raye a filin, a kuma ware masa wurinsa a jikin taswirar.

Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya saurari sunayen da direbobin Adaidaita Sahu suke kira, zai ji kamar ana lissafa masa itatuwan daji ne. Ga Kurna, ga Ɗorayi, ga Giginyu. Ga Kasuwar Rimi, Rimin Kebe da Rimin Auzinawa. A cikin birni akwai Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Kukar Bulukiya, a waje kuma akwai Tsamiyar Boka. Kakannin Kanawa da itace suke gane wuri, a gindinsa suke cin kasuwa, a inuwarsa suke yin shari'a da karatu. Yau yaron da aka haifa a Ɗorayi zai iya gama sakandare bai ga tuntun ɗorawa yana lilo a reshe ba, na Giginyu kuwa sai an kai shi ƙauye kafin ya ga muruci a inda yake tsirowa.

Kasuwar Kurmi ma sunan daji take amsawa. Tarihin Kano ya nuna cewa Jakara kurmi ce mai duhuwa a zamanin Barbushe, har ana ce mata Kurmin Baƙin Ruwa, kuma a gefenta Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar. Waɗanda suka ja ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu ba su tsaya a bakin gidaje ba, sun kewaye har da gonaki da makiyaya da duwatsun Dala da Goron Dutse, domin birni ya iya ciyar da kansa idan yaƙi ya rufe ƙofofi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da filaye masu faɗi da tafkuna a cikin ganuwa. Kududdufan birni kuwa daga gini suka samo asali: inda aka haƙi ƙasar tubali da ta badala, nan ruwan damina ya samu masauki, kifi da kwaɗi da tsuntsayen ruwa suka biyo shi. Ginin Kano na dā shi da kansa ya samar wa halittu gidaje.

Babu mai hankalin da zai ce Kano ta daina gini. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum sama da miliyan 9, kuma kowa shaida ne cewa an wuce nan nesa. Birnin da masanin tsara birane Trevallion ya zana wa tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, yanzu ya cika ƙananan hukumomin Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nassarawa da Tarauni, ya malala cikin Kumbotso da Ungogo, yana kuma taɓa Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa. An gina rukunan gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi yana ratsa gonaki. Saurayin da ya kai aure yana bukatar ɗaki, mai sana'a yana bukatar shago. Abin dubawa shi ne yadda ake zaɓen wurin da yadda ake yanka shi.

Ga yadda sabuwar unguwa take haihuwa a gefen Kano a yau. Dillali ya sayi gona a hannun magada, ya kawo masu awon igiya, ko kuma hukuma ta turo safiyo da na'urarsa. Kusan kullum da rani ake yin wannan aiki, lokacin da mota take iya shiga ko'ina, ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone. Sai a ja layuka a miƙe, a fitar da fuloti iya yawan da filin zai ɗauka, a kafa duwatsun shaida. Kwari ya zama fuloti, gindin kuka ya zama fuloti, hanyar da ruwa yake bi shekara da shekaru ita ma ta zama fuloti. Daga nan katafila ta shigo ta share komai a yini biyu, masu gawayi da masu faskare su kwashe gungume, tifofi su fara zuba burji da shara a cikin kwarin. A takardar da za ta iso teburin mai sa hannu, babu abin da zai nuna cewa an taɓa yin itace ko ruwa a wurin. Hukuncin mutuwar wannan wuri an yanke shi ne tun ranar da aka ja layin farko.

Da mai awon zai dawo a watan Agusta, da wani wuri daban zai gani.

Busasshen kwarin da ya taka da rani cike yake da rai a ƙarƙashin ƙafarsa. Gaiwa tana tona taɓo idan ruwa ya fara ja, ta naɗe jikinta cikin majina da ta bushe kamar kwanso, ta yi watanni tana numfashi da huhu ta wata 'yar kafa, har ruwan farko ya sauka. Kwaɗi da kififiya su ma haka suke ɓuya. Da damina ta kankama, tarwaɗa da ƙarfasa su hayayyafa, kirinjijiya ta sauka da daddare tana fito, belbela ta jeru a gaɓa, guza ya fito shan hantsi. Mazari da 'ya'yan kifi suna cin tsutsar sauro, kwaɗi suna cin ƙwarin da ke ɓarnar lambu. Da kaka kuma ƙananan tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai suna yada zango a irin waɗannan ruwaye, wasu kan hanyarsu ta zuwa dausayin Haɗejia da Nguru. Duk wannan ba ya bayyana ga wanda ya zo sau ɗaya a watan Maris.

Kududdufi kuma rumbun ruwa ne. Ruwan da ya sauka a kan rufin kwano da kwalta da intalok ba shi da inda zai nitse, dole ya nemi gangare, kuma idan aka gina shago a masaukinsa zai shiga shagon. 'Yan Kantin Kwari ba su manta da watan Agustan 2022 ba, lokacin da ruwa ya mamaye layukan kasuwar ya jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanai. Ruwan da kududdufi yake riƙewa yana kuma tsatsafowa a hankali ya ciyar da rijiyoyin unguwa. Masu haƙar burtsatse a Kano suna faɗin yadda ake ƙara nisa kafin a tarar da ruwa, 'yan garuwa kuma su ne suka san tsawon layin da ake yi a watan Afrilu. Abin da ya kori gaiwa daga gidanta shi ne yake shigar da ambaliya ɗakin talaka da damina, ya kuma ƙafar masa da rijiya da rani.

Mai Girma Gwamna zai ji masu cewa kududdufan nan annoba ne, kuma maganarsu tana da tushe. Da yawa sun zama juji da matattarar ruwan kwata, suna wari, suna haifar da sauro, sun kuma ci rayukan yara masu zuwa wanka. Uwar da ta rasa ɗa a kududdufi ba za a yi mata wa'azin tsuntsaye ba. Sai dai sakaci ne ya mayar da su haka, kuma sakaci yana da magani: a yashe, a hana zuba shara, a karkatar da ruwan kwata, a kewaye da waya da itatuwa, a zuba kifi, a sa mai gadi. Birnin Kigali na ƙasar Ruwanda ya yi hakan a dausayin Nyandungu, wanda ya lalace da kiwo da noma da haƙar ƙasa. Hukumomi suka gyara hekta 121, suka dasa itatuwan gida kimanin 17,000, suka buɗe shi ga jama'a a watan Yulin 2022. Yau wurin yana tare ambaliya, yana tace ruwa, nau'in tsuntsaye sama da 100 suna zaune a cikinsa, mutane kuma suna shiga shan iska. Kano tana da kududdufan da za su iya zama haka a tsakiyar unguwannin da yaransu ba su da ko filin wasa.

Sai batun manyan itatuwa, inda asarar ta fi kusa da tukunyar kowane gida. Furen kuka fari ne mai faɗi, da magariba yake buɗewa, kafin rana ta yi tsaka washegari ya yanƙwane. A wannan dare guda jemage yake zuwa shan zaƙinsa, ƙurar furen ta manne masa a gashi, ya kai ta wata kukar. Haka yake yi wa jan tuntun ɗorawa, haka yake yi wa rimi. Garin kuka na kwalba da nono, da kalwar da ake dafawa a yi daddawa, da ɗorawar da yara suke sha, duk akwai aikin jemage a cikinsu, kuma da 'ya'yan da ya sa aka ƙulla ne sababbin kukoki suke tsirowa su ba da ganyen miya. Jemage yana bukatar dogayen itatuwa masu duhuwa da zai rataya da rana, irin su maɗaci da durumi da ceɗiya da tsofaffin darbejiya. Binciken da aka yi a kan jemagun birnin Accra na Ghana ya nuna suna iya kai irin itace nisan kilomita 75 daga inda suka ci ɗansa. Idan aka sare itatuwan da suke kwana a cikin birni, manomin ƙauyen da bai taɓa jin labarin ginin ba shi ma zai gani a jikin ɗorawarsa.

Gwamnati ta yi shelar dasa miliyoyin itatuwa, kuma wannan abin yabo ne. Amma dashen bana ba ya maye gurbin kukar da ta shekara ɗari biyu. Tsohon itace yana da kogo da zuma take zama, da ɓawon da ƙwari suke ɓuya, da reshen da zai ɗauki sheƙar babban tsuntsu. Cilakowa a kogon itace take ƙwai, namijin yana miƙa mata abinci ta 'yar tsaga bayan an liƙe ƙofar. Ɗan dashe kuwa sai ya tsira daga bakin akuya da ƙishin rani na farko, sannan ya yi shekaru ashirin ko talatin kafin ya yi inuwar kirki. A garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, barin itacen da yake tsaye ya fi arha, ya fi sauri, ya kuma fi tabbas.

Dattawan Fagge za su ba Mai Girma Gwamna labarin yadda ungulaye suke rufe kwata, suna jere a kan rufi da rassan itatuwa, suna share abin da mahauta suka zubar kafin ya ruɓe. Yau sai mutum ya shekara a Kano bai ga ko ɗaya ba. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da suke dab da ƙarewa. Babban abin da ya cinye ta shi ne guba da farautar sassan jikinta don tsubbu, sannan ga rashin dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, ita da ƙwai ɗaya tal take yi a shekara. Indiya ta ga abin da rashin ungulu yake jawowa: a shekarun 1990 wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe sama da kashi 95 cikin 100 na manyan nau'o'in ungulayenta, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan bola suka ƙaru, cutar haukan kare ta ƙaru tare da su. Mujiya ma, wadda ake jifa saboda camfi, iyalinta ɗaya suna cin ɗaruruwan ɓeraye a shekara, alhali ɓera ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa.

Akwai kuma shamuwa, baƙuwar da take tasowa daga kudancin Afirka ta iso ƙasar Hausa gabanin ruwan farko. Manomi yana ganinta ya san lokacin gyaran gona ya yi. A cikin gari take sheƙa, a kan tsamiya ko rimi ko kukar ƙofar gida, tana cin fara da tsutsar gona, kuma al'ada ta hana yara taɓa ƙwanta. Tana komawa itacen da ta saba shekara bayan shekara. A ƙauyukan da birni ya haɗiye, tana dawowa ta tarar da bulo a inda ta bar sheƙarta.

Wani zai ce wannan tunanin Turawa ne. Kalmar hurumi ta isa ta ba shi amsa. Kowane garin Hausa na dā yana da huruminsa, filin da ba a nomawa, ba a ginawa, ba a kuma sayarwa, an bar shi don kiwo da itacen wuta da maƙabarta da amfanin kowa. Akwai burtali na shanu, akwai mashaya, akwai fadama, kuma dagaci da mai unguwa sun san iyakar kowanne. Kalmar daga Larabci ta zo, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano ya yi bayanin hurumin rijiya da na kogi da na gari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina, ya kuma haramta sare itatuwan Madina da farautar namunta. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Keɓe fili don maslahar jama'a da dabbobi aikin shugaba ne da addini da al'ada suka sani tun kafin a ƙirƙiro ma'aikatar muhalli.

Dokar zamani ma a hannun Mai Girma Gwamna ta ajiye maganar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha ga gwamna a matsayin amana don amfanin jama'a, ta kuma ba shi ikon bayar da shaidar mallaka da ikon soke ta saboda maslahar al'umma. Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta tabbatar da cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Hukumar tsara birane ta KNUPDA da hukumar taswirar filaye ta KANGIS da Ma'aikatar Ƙasa da Ma'aikatar Muhalli duk ƙarƙashin ofishin Gwamna suke. Babu wanda Kano za ta jira daga Abuja kafin ta ce kada a cike kududdufi.

Akwai dokar tarayya ta 1992 da ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka ga muhalli, har da baje rahoton ga jama'a su yi sharhi. Amma idonta yana kan manyan abubuwa ne, irin su sabon gari sukutum, ko babbar hanya, ko busar da dausayi mai hekta 100 ko fiye. Kano kuwa ba da irin wannan loma ake cinye ta ba. Da kaɗan-kaɗan ake yi: gonar hekta biyar a nan, kududdufin hekta biyu a can, kukoki uku a bakin sabon titi, shaguna goma a gefen rafi. Kowanne ya yi ƙanƙantar da ba zai ja hankalin dokar ba, amma idan aka haɗa na shekara goma sai a ga daji guda da tafki guda sun ɓace. Dokar jiha ce kaɗai za ta iya toshe wannan kafa.

Wasu sun riga sun gwada. A Ingila, tun watan Fabrairun 2024, yawancin masu neman izinin gini sai sun auna halittun da ke filin kafin aiki, sun kuma nuna yadda za su bar wurin da ƙarin aƙalla kashi 10 cikin 100, tare da alkawarin kula da shi na shekara 30. A Legas, Gidauniyar Kare Halittu ta Najeriya ta keɓe hekta 78 a Lekki a 1990, lokacin da yankin kurmi ne da fadama. Yanzu manyan gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, amma birai da kadoji da tsuntsaye suna nan a ciki, 'yan makaranta da masu yawon buɗe ido suna tururuwa. Da an jira har filin ya yi tsada, da babu mai iya fansar sa. Mafi kusa da gida kuma, manoman Maraɗi da Damagaram sun ɗauki sassabin zamani tun shekarun 1980, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma a cikin gona maimakon a tumɓuke su. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, ba da kuɗin dashe ba, da barin abin da yake raye ya rayu. Abin da manomi ya iya da gatari da lauje, mai zanen taswira zai iya da alƙalami.

Wurare biyu a jihar nan suna bukatar kalma ta musamman. Na farko Gidan Zoo, wanda marigayi Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970 a kan fili sama da hekta 40. A lokacin bayan gari ne, yau kuwa yana cikin 'yan wuraren da suka rage a tsakiyar Kano inda manyan itatuwa suke tsaye a dunƙule, kuma tsuntsayen da suke kwana a rassansa bisa raɗin kansu sun ninka na cikin keji. A 2020 gwamnatin wancan lokaci ta sanar da shirin mayar da dabbobin Tiga, jama'a da yawa suka nuna fargabar cewa filin zai koma fuloti. Muddin babu dokar da ta ɗaure shi, wannan fargaba za ta dawo da kowace sabuwar gwamnati. Na biyu dajin Falgore, da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta keta, kuma yake cikin dazuzzuka goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa. Ruwan da yake gangarowa ta cikinsa shi yake cika madatsar Tiga, wadda take shayar da birni da gonakin rani na Kadawa. Duk wani gini ko sabon matsuguni a bakinsa, lissafin ruwan famfon Kano ne ake taɓawa.

Saboda haka ake roƙon Mai Girma Gwamna abubuwa shida, kuma babu wanda ya fi ƙarfin jiha a cikinsu.

Na ɗaya, a ƙirga abin da ya rage. A sa KANGIS da masanan Jami'ar Bayero da sauran jami'o'in jihar su zagaya tare da masu unguwanni da dagatai, su rubuta kowane kududdufi da fadama da rafi da burtali da tsohon itace a birni da kewaye, a sa su a taswira, a buga ta kowa ya gani. Maharba da masunta da Fulani makiyaya da masu maganin gargajiya sun san inda kowace halitta take, a saurare su.

Na biyu, a dakatar da bayar da takarda a kan kowane kududdufi ko hanyar ruwa har a kammala wannan ƙidaya, sannan a kai wa Majalisar Dokoki ƙudurin da zai mayar da su hurumin jama'a, tare da Gidan Zoo.

Na uku, kada KNUPDA ta amince da taswirar sabuwar unguwa, ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, sai da rahoton wanda ya ziyarci filin da damina, ya lissafa itatuwa da ruwaye da sheƙoƙi. A liƙa rahoton a ƙofar hakimi cikin harshen Hausa, a ba mutane lokacin yin magana.

Na huɗu, a tsara titi da fuloti su kauce wa manyan itatuwa, a mayar da gindinsu dandali ko harabar masallaci ko makaranta. Inda sarewa ta zama dole, kada a yi ta lokacin sheƙa, kuma mai ginin ya dasa irin na gida, kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo da kurna da maɗaci, ya raine su har su fi ƙarfin akuya kafin a miƙa masa takardar ƙarshe.

Na biyar, a bar gaɓar Challawa da Watari da Jakara da Kogin Kano da faɗin da ba a gini, a kuma sa ido a kan masu ɗibar yashi. Irin wannan zirin ciyawa da itace shi ne hanyar da bushiya da kurege da damo da makwarwa suke bi daga wani wuri zuwa wani, domin tsibirin itace guda a tsakiyar siminti ba ya riƙe dabba.

Na shida, a shigo da masu awon igiya cikin tsari. Mafi yawan sababbin unguwannin talakawa daga hannunsu suke fitowa. A yi musu rajista, a sauƙaƙa musu kuɗin amincewa, a kuma ɗora musu sharaɗin da aka ɗora wa kowa. Wanda gonarsa ta faɗa cikin hurumi a biya shi diyya ta adalci ko a musanya masa, domin kada kare tsuntsu ya zama zaluntar maraya.

Mai Girma Gwamna ya san cewa gini ana rushe shi a sake wani, Kanawa sun ga hakan da idonsu. Kududdufin da aka cike da kukar da aka tumɓuke ba sa dawowa a zamanin wanda ya ba da izini, ko a zamanin 'ya'yansa. Yanzu haka akwai taswirori a ofisoshin gwamnati da suke jiran sa hannu, kuma a cikin filayen da suka zana akwai ruwaye da itatuwan da har yau suna raye. Ana roƙon Gwamna ya sa a dawo da waɗannan taswirori teburi, a tura masu dubawa filayen a daminar nan mai zuwa, kafin katafila ta riga su isa.

Allah ya yi wa Gwamna jagora, ya ba Kano damina mai albarka.